Murfin Kabarin Inna

Tun da hukuma ta mallaka wa masu narka gilashi duk yumɓu da yashin ƙasar nan, ba a sake gina tukunya a garinmu ba. Ranar da Inna ta rasu, na je wurin mai haƙar kabari neman abin rufe ta.

"Baba Ɗanjuma, ko fasasshiyar tukunya babu? Shekara arba'in ta yi tana gina su."

"Sai gilashi, ɗana. Ba ya ruɓewa."

Muka kwantar da ita, muka jera gilashin a kanta. Na tsaya da ƙasa a hannu ina kallon likkafanin, har tudun hancinta ina gani. Ban ji komai ba.

"Sallau, zuba mana," in ji liman. "Akwai wata gawar tana jira."