Jirgin da Ya Yarda Ya Fita

Saura kwana ɗaya hutun Rhonda Pruitt da yayanta Dwight ya ƙare a Hatteras, wani gari na bakin teku, kuma tun zuwansu iska ta hana su shiga teku. A safiyar ranar ma, matuƙin jirgin da suka yi alkawari da shi ya dubi ruwa ya girgiza kai. Ya ce ruwan yana ja da ƙarfi daga ƙasa, shi ba zai kai kowa nutso ba.

Dwight ya daɗe yana nutso da tukunyar iska. Ita kuwa Rhonda bana ta koya, a wani tafki mai kwanciya can jiharsu ta Ohio, ba ta taɓa shiga teku ba. Cikin ranta ta ji daɗin fasawar. Amma Dwight ya bi tashar jirgi-jirgi yana tambaya, can sai ga shi yana murmushi.

"Na samo mana wanda ba matsoraci ba. Ɗauko kayanki, auta."

Mai jirgin, wani dattijo da ake kira Boyd, bai tambaye ta iyawarta ba, bai kuma duba kayanta ba. Malaminta na nutso ya sha gaya wa ɗalibansa kada su hau jirgin da ba shi da iskar oksijin ta taimakon gaggawa, don haka ta daure ta ce, "Kyaftin, akwai oksijin a jirgin nan?"

"Tana can ƙasa, 'yan mata. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

"Haba Rhonda, kada ki ba ni kunya," in ji Dwight. "Ko motar asibiti za mu ɗaura a bayan jirgin?"

Sauran fasinjoji suka yi dariya. Ba ta ce a nuna mata ba.

Sai da ƙasa ta ɓace musu sannan ta ji inda za su. Wani tsohon jirgi ne da ya nutse a wuri mai zurfin da ya ninka wanda ta saba. Ta kama hannun Dwight ta ce masa tsoro take ji.

"Riƙe igiyar anga kawai, ina kusa da ke," ya ce.

Suka faɗa ruwa. Tana bin igiyar da ta ɗaure jirginsu da ƙasan teku zuwa ƙasa, ruwa yana kaɗa jikinta kamar shanya a iska. Haske ya yi ta raguwa, sanyi ya shige ta, ba ta jin komai sai ƙarar numfashinta. Sun jima suna zagaya ruɓaɓɓen jirgin, Dwight yana nuna mata kifaye, ita kuwa idonta yana kan ma'aunin iskarta, wadda tsoro ya sa take zuƙa da sauri.

Suna komawa wajen igiyar, ruwa ya fizge gilashin fuskarta. Gishiri ya cika mata ido da hanci. Ta kai hannu ba ta sami igiyar ba. Nan take duk abin da aka koya mata ya gudu, ta danna maɓallin da ke hura rigarta, ta yi sama kamar an harba ta.

Duk mai nutso ya san ba a tasowa da sauri, domin iskar da ta shiga jini takan yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Dwight ya fi ta sanin haka, amma ya bi ta da duk ƙarfinsa. Ya cafke ƙafarta yana ƙoƙarin tsayar da ita, ta ja shi har saman ruwa.

Da aka jawo su cikin jirgi, Rhonda ta yi ta tari tana kuka. Dwight ya shafa kanta ya ce, "Kin tsinka mini zuciya, yarinyar nan." Ya zauna zai cire kayansa, sai ya tsaya yana kallon gwiwoyinsa.

"Rhonda, taɓa ƙafata."

Ta taɓa.

"Na ce ki taɓa."

"Ai ina riƙe da ita, Yaya."

Fuskarsa ta canza. Rhonda ta yi kan Boyd tana neman oksijin. Ya sauka ya daɗe, ya fito da wata tukunya mai tsatsa. Ya murɗa kanta, ko huci ba ta yi ba.

"Gajiya ce kawai, a ba shi ruwa," in ji Boyd, yana kawar da ido. Bai so ya kira jami'an ceto, don ya san za su binciki jirginsa. Tafiya kuma ba ta yiwuwa, domin sauran mutane suna ƙarƙashin ruwa. Rhonda ta rungume yayanta tana jin hannuwansa suna saki, maganarsa tana sarƙewa. Sai da wani fasinja ya fito daga ruwa ya ga halin da ake ciki, ya ture Boyd ya ɗauki rediyon sadarwa na jirgin ya kira jami'an ceto da kansa.

Jirgi mai saukar ungulu ya zo, amma an makara. Likita ya ce da an ba shi oksijin tun a jirgi, da wataƙila ɓarnar ba ta kai haka ba. Lakarsa ta taɓu.

An ƙwace lasisin Boyd, sai dai hakan bai mayar wa Dwight ƙafafunsa ba. Mutumin da sana'arsa hawa rufin gidaje ce, yanzu a keken guragu yake, a gidan ƙanwarsa. Ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi. Har yau ba wanda ya ɗora wa wani laifi a cikinsu, don kowa na ganin nasa ya fi.

Mai karatu, idan jirgi ɗaya ya ƙi fita saboda haɗari, kada ka nemi wanda zai ce maka to. Ka tambayi inda za a kai ka, ka ga kayan ceto da idonka, in kuma wurin ya fi ƙarfinka ka faɗa, ko da za a yi maka dariya.