Haruffa Uku a Gaban Sunan Baba

"Inna, ba ƙiya ba ce," na ce mata.

Tun yaƙin Bama, wato Burma, take ajiye da takardar soja mai haruffa uku a gaban sunan Baba: KIA. Malamin dagaci a Roni ya karanta mata "ƙiya", wai mijinta ya ƙi dawowa. Da wannan fushin ta raine ni. Ni kuwa, duk karatuna, sai da matata ta rasu na rasa abin yi, sannan na bincika.

"Haruffan Turanci ne, ma'anarsu an kashe shi a fagen daga," na ce.

Ta daɗe tana kallon duwatsu suna narkewa cikin hasken la'asar. Sannan ta goge kwallinta, tana murmushi kamar amarya.

"Ashe bai ƙi ni ba. To, yau zan shiga takaba."