Injin da Ba Ya Son Damina

Faranti biyu na shinkafa da jan wake Ovide yake karɓa kullum a gidan rawar Madam Eulalie, alhali shi mutum ne kamar sillen kara. Ba wanda ya taɓa tambayar inda abincin yake zuwa, domin hankalin birnin New Orleans kaf yana kan injinsa.

A da makaɗa biyu ne a gidan: Ovide a ƙaramar ganga, sai Baba Narcisse, wanda ya koya masa kiɗa, a babbar. Wata rana Madam ta dubi tsohon yana zuƙar lofensa, ta ce baki biyu sun yi mata yawa. Mutum ɗaya za ta riƙe, wanda zai iya kaɗa duka biyun.

Ba a daɗe ba sai ga Ovide da wani akwatin katako manne da babbar ganga, da feda a gindinsa. Hannuwa suna kan ƙaramar, ƙafa tana taka feda, babbar tana amsawa dum, dum, har mai rawa ya ji ta a tafin ƙafarsa. Aka sallami Baba Narcisse, ya ɗauki tsohuwar gangarsa ya fita. Matan unguwa suka daina amsa gaisuwar Ovide, wai ya ci amanar ubangidansa. Abin ya yi masa zafi, amma ya haɗiye.

Sai dai injin nan akwai tsirfa. Ba a matsar da shi daga kusurwarsa. In aka yi ruwan sama har ya kwanta a ƙarƙashin gidaje, da yake a kan turaku ake ɗora su a garin, ranar ba ya aiki, wai sanyi ya kama shi. Warin taba yake yi. Ran nan kuma, ana tsakiyar rawa, ya yi atishawa.

Honoré mai busa ƙaho, wanda gulma ce abincinsa, ya samu Madam. “Haba Madam, inji da mura? Tsohon nan ne a dunƙule cikin akwati!”

Ranar Lahadi da la'asar, gida ya cika maƙil, Madam ta zo da guduma.

“Ovide, in na samu ko farcen mutum a ciki, ka bar gidan nan, kuma ba mai sake ba ka ganga a garin nan.”

Gida biyu ne suke ci daga kujerar nan ta Ovide.

Aka ɓalle murfi. Me za a gani? Ludayin miya, wayar gado, igiyar shanya, da safa guda cike da auduga. Madam ta cusa kai ciki ta ƙwala kira, “Narcisse!” Shiru, sai wani ɓera da ya fito ya kama gabansa.

Ta ɗage siket ta taka fedar da kanta. Dum. Ta taka sau biyu. Dum, dum. Ta ɗaga ƙafa ta tsayar da ita a sama. Dum.

“Ya riga ki ne, Madam,” in ji Ovide. “Inji ne mai ladabi, ba ya son manya su wahala.”

Gida ya ɗauki tafi. Honoré ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga goge ƙahon da ba datti a jikinsa. Madam ta shafa akwatin kamar jikanta.

“Wannan ya fi Narcisse sau dubu,” ta ce. “Ba kuskure, ba gunaguni.”

Aka ji wani DUM mai ƙarfi wanda ba wanda ya taka, har fitilu suka girgiza. Madam ta ce ai godiya yake yi.

Da jama'a suka fita tsakar gida shan iska, Ovide ya karɓo farantansa biyu. Ya janye kujerarsa, ya ɗaga katakon daɓe guda, ya zura faranti ɗaya ƙasa. Daga gefen tsohuwar gangar nan, wani hannu mai riƙe da makaɗi ya karɓa, aka ɗan ji motsin cokali, sannan muryar Baba Narcisse ta taso tare da hayaƙin lofe:

“Kai yaro, gaya wa matar nan injinta ya ce waken ba gishiri.”