Idon Hagun Ɗan Wasan Gora

Tunda ka ce kunyar idon mutane ce ta hana ka sauka daga matsayinka, zauna in ba ka misali. A can ƙasar Ailan, tsibirin da ruwan sama ba ya gajiya da zuba, akwai wani wasa da suke ji da shi kamar yadda muke ji da dambe. Wasan gora ne. Kowa da sandarsa mai faɗin baki kamar muciya, ana dukan wata 'yar ƙwallon fata da ba ta wuce goriba girma ba, amma in ta taso sai ka ji tana kuka kamar dutsen majajjawa. Kowace gunduma tana da 'yan wasanta, kuma a zamanin da nake ba ka labari ba a sa kwalkwali, haka ake shiga fili kai a buɗe. To, akwai wani mai kiwon shanun madara da ya daɗe yana tsare wa gundumarsu baya. In ƙwallo ta taso daga nesa, shi ne zai daka tsalle a tsakiyar sanduna ya cafe ta da hannu, ko ya maka mata gora tun tana iska. Tsofaffi har ɗaga masa hula suke yi a ƙofar coci.

Wata rana ƙwallo ta same shi a gefen idon hagu. Kumburi ya saɓe, jini ya washe, kowa ya ce ya warke. Shi kaɗai ya san wani duhu ya zauna a gefen idon nan, kamar an saki rabin labule. In ya shiga garke tatsa, sai saniya ta dungure shi da hanci kafin ya san tana kusa da shi. In zai zuba shayi, sai ya tsiyaya a kan tebur. Matarsa ta lura, ta ce ya je likita ya duba shi, ya ce sai bayan wasan ƙarshe, don ya san in likita ya ji, mai horar da su ma zai ji. Daga nan tsoro biyu suka sa shi a tsakiya. Yana tsoron ƙwallon da za ta fito daga cikin duhun ta fasa masa kai, yana kuma tsoron ranar da za a kira sunayen 'yan wasa babu nasa. Sai ya koyi karkata kai kamar kaza mai kallon shaho. A wurin atisaye yana dariya da abokai, amma tafin hannunsa zufa yake yi har gorar tana neman suɓuce masa.

Ranar wasan ƙarshe fili ya cika ya batse, ana yayyafi. Kafin su fita daga ɗakin sauya kaya, mai horar da su ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na ga kwana biyu kana juya kai. Lafiya kake?" Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ji jama'a a waje suna kiran sunansa. Ya ce, "Lafiya lau." Aka fara wasa. Duk ƙwallon da ta tashi, sai ya karkata kai yana nemanta. Ya tare wasu da sa'a, wasu kuma mai tsaron gefen hagunsa ya tare masa. Wannan kuwa mijin ƙanwarsa ne, kafinta, mutum mai yawan raha, wanda ya ga surukinsa ba ya cikin hayyacinsa yau, ya riƙa matsowa yana rufa masa asiri. Ana dab da tashi, wata ƙwallo ta yi sama ta hagu. Mai shanu ya bi ta da ido, ya bi ta, sai ta shige cikin duhun ta ɓace. Yana jin kukanta tana saukowa, bai san ta ina ba. Tsoro ya kama shi, ya runtse ido, ya kai duka da iyakar ƙarfinsa.

Ƙarar da ya ji ba ta ƙwallo ba ce. Fili ya yi tsit, har ana jin yayyafi a kan laimomi. Da ya juya da idonsa mai gani, sai ga mijin ƙanwarsa kwance a ciyawa, jini na bin kunnensa, ƙafarsa ɗaya tana karkarwa. Ya zo ne ya tare masa ƙwallon.

Kafintan bai mutu ba, amma hannunsa na dama bai sake riƙe zarto ba, magana ma sai da ƙyar take fita. Mutanen gari suka ce tsautsayin wasa ne, har suna zuwa yi wa mai shanu jaje. Ba wanda ya zarge shi, sai dai matarsa ta daina haɗa ido da shi in an ɗauko zancen. Mai shanu bai ƙara taka fili ba. Kullum in ya gama tatsa sai ya ɗauki madara ya nufi gidan ƙanwarsa, ya tsaya a ƙofa yana jinkirin shiga, don ya san yana shiga mutumin nan zai ɗago kai daga kujera, ya yi masa murmushi da rabin fuska, ya nuna masa wurin zama.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.