Shekarar Gwajin Wiebke

Yau ma ya kafa wa hannunta ido.

A babbar ƙungiyar kiɗan nan, makaɗa biyu-biyu ke raba takardar kiɗa ɗaya, ita kuwa Wiebke aka haɗa ta da Eckhard, tsohon da ya fara rungumar kontrabas, ƙaton gogen nan mai tsayin mutum, tun ba a haife ta ba. Kowa na kallon jagoran kiɗa, shi yana kallon yatsunta a kan tsirkiya, kamar mai juya kifi a kasuwa yana neman inda ya ruɓe.

Ba a sama ta tsinci kujerar nan ba. Tun tana 'yar makaranta take kinkimar gogen zuwa cikin jirgin ƙasa, fasinjoji na mata tsaki. Ta ci jarrabawar bayan labule, wadda alƙalai ke jin kiɗa ba sa ganin makaɗi, amma wannan ba shi ne samun aiki ba. Sai an yi shekarar gwaji, sannan 'yan ƙungiya su jefa ƙuri'a: a riƙe ka ko a sallame ka. A ɓangarensu na masu kontrabas kuwa, abin da Eckhard ya faɗa shi ake bi.

Ta gaishe shi a matakala, ko waiwaye bai yi ba. Ya ja kujerarsa baya, yadda zai hango ta da kyau. Ranar da mura ta kwantar da ita, shi ma bai zo ba, wai ciwon baya. Rannan ta yi kuskure, ta shiga kiɗa kafin lokaci, sai ga shi ya shiga tare da ita, kuskuren ya cika zauren. Da gangan ne, ta ce a ranta, don kowa ya ji.

"Tsohon nan zunubanki yake tarawa, 'yar'uwa," in ji Sönke mai busa ƙaho, yana cin burodi. "Fara haɗa akwati."

Da safiyar ranar ƙuri'a ta gan shi yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana musu raɗa, suna satar kallonta. Haƙurinta ya ƙare. Ta bi shi ɗakin ajiye kayan kiɗa, ta same shi ya ba ƙofa baya yana goge tsirkiya.

"Baba Eckhard, me na tsare maka? In kora ce, faɗa mini ido da ido. Ba roƙo na zo ba!"

Ya ci gaba da gugarsa. Ta zagayo gabansa, ya zabura, ya tsura wa bakinta ido har ta maimaita.

"Kora? Ke yarinya, tun safe nake roƙa miki ƙuri'a, ni da ban taɓa roƙon kowa ba." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "In kika tafi, wa zan bi? Kunnuwan nan sun mutu tun kafin ki zo, duk shekarar nan da hannunki nake ji."