Mai Lamba Tara

A hoto na ɗari da arba'in Birkila ta tsaya cak, hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfuta.

Abokan aiki ne suka laƙa mata sunan. Na'urar asibiti tana ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka kamar burodi, ita kuma ta jera hotunan ɗaya bisa ɗaya kamar mai ginin bulo, har gaɓa ta fito sosai a kwamfuta, a juya ta ta ko'ina. Makon jiya aka kawo sabuwar na'ura, matan sashen kaf suka kwanta aka gwada ta da su. Shugabar sashe ta sa wa hotunan lambobi, ta kulle sunayen a aljihun teburinta, don kada wata ta leƙa cikin wata.

Birkila ta ƙara jera ashirin, ta juya surar. A mahaifar lamba tara ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, ya naɗe, har da alamar kai.

Sai dariya, ita kaɗai a ɗaki. Shekara goma sha ɗaya da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ta ma daina duba kalanda, amma in ta ji wata ta samu, bakinta ba ya rufuwa. Ta ture kofin shayin da kwanan nan ƙamshinsa ke tayar mata da zuciya, sannan ta tuna gobe ne gwaji na biyu, wanda ake yin allurar da ba a yi wa mai ciki. Dole yau a gano mai wannan lamba.

Ta bi baranda takalmi ɗaya a hannu, tana leƙa fuskoki. Nas mai yawan hamma? Amaryar ɗakin magani? Ta ƙirga su a yatsu, kowacce ta yi mata kama da mai ciki.

Ta faɗa ofishin shugaba ko sallama babu.

"Anti, a buɗe aljihun nan. Lamba tara ciki gare ta, kuma na rantse ba ta sani ba. Ni zan yi mata albishir, kada ki riga ni."

Shugaba ta zaro takardar, ta duba, ta sake dubawa. Ta cire tabarau, ta jawo kujera da ƙafa.

"Zauna tukuna, ƙanwata. Kin ƙirga kowa kin tsallake kanki, lamba tara ai ke ce."