Takalmin Cikin Gilashi

Gilashin ya tarwatse a tsakiyar zauren kamfanin, baƙi suka yi tsit. Autar mai kamfanin ce ta ture akwatin, ga ta riƙe da tsohon takalmin robar da ubanta ke nuna wa duniya: da shi ya yi dako a kasuwa, in ji shi, kafin arziki ya zo.

Kafin uwar ta ƙwace, yarinyar ta durƙusa gabansa.

"Baba, a littafinmu na tatsuniyoyin ƙasashe, sai an gwada wa mutum takalmin kafin a yarda shi ne. Kawo ƙafarka."

Aka yi dariya, shi kuma ya yi yaƙe. Ya tura ƙafa, ko rabinta bai shiga ba.

"Ƙiba ce," in ji shi.

Amma idon matarsa na kan takalmin. Yau ta fara ganinsa babu gilashi a tsakani. Dunduniyar ta cinye ta gefe guda, irin cin da sai mai jan ƙafa ke yi wa takalmi. Mijinta kuwa bai taɓa ɗingishi ba.

Sai ta ji sautin da take ji kullum ba ta kula ba: taku ɗaya, ja ɗaya. Wan mijinta ne, wanda aka ba aikin shara wai don a taimaka masa, ya taho da tsintsiya.

Ya dubi yarinyar da murmushi.

"Ajiye shi, 'yata. Ya gama aikinsa tun ranar da na biya wa babanki kuɗin makaranta na ƙarshe."